Sai Ka Tambayi Mai Kalangu: Kwana Biyar a Sakkwato

Da takarda na shiga Sakkwato. Shafi guda na yago daga tsakiyar littafin rubutu, na sa jan biro na raba shi gida huɗu: rana, wuri, irin wasa, kuɗin shiga. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Zariya, kuma shekara shida ke nan da aka ɗora mini ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar, aikin da babu ko sisi a cikinsa sai ciwon kai da ƙaunar yara. Na daɗe ina yi wa ɗalibaina alkawarin wata rana zan kai su kallon wasa a garin da ba nasu ba. To da abokina na zamanin karatu ya aiko mini da katin auren 'yarsa, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Zan je biki, in kuma dawo da jerin duk wasannin da ke tafe a garin daga yanzu zuwa bayan Sallah, mu zauna da shugaban makaranta mu zaɓi ɗaya.

Ranar Laraba ana sallame Asuba muka bar tasha, ni da mai ɗakina. Tafiyar kusan kilomita 400 ce, kuma duk wanda ya san hanyar ya san dalilin sammakon: ba mai son magariba ta riske shi tsakanin Tsafe da Tureta. Funtuwa, Tsafe, Gusau, Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, direba bai ce uffan ba, fasinjoji kowa ya kama carbinsa. Hazo ya rufe ko'ina, rana ta koma kamar farin faifai. Sai da muka shiga Dange sannan wani bawan Allah a kujerar baya ya tuna yana da rake a jaka, mota ta ɗauki hira kamar an kunna rediyo.

A Mabera mai masaukina yake. Daga tasha muka shiga keken nan mai ƙafa uku da suke kira agwagwa da buje, sunan da ya sa mai ɗakina dariya har muka isa ƙofar gida. Bayan an ci tuwon shinkafa an kora da fura, wadda daga yau sunanta hura, na zaro takardata na nuna wa abokina. Ya juya ta gaba da baya, ya miƙo mini.

"Malam, wagga takarda taka kai ɗai za ka cika ta. Nan ba a liƙa wasa ga bango."

Na ɗauka irin tsokanarsa ce ta da.

Alhamis da safe na fara da abin da kowane baƙo ke farawa da shi, ziyarar Hubbare. Nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817, a garin da ɗansa Muhammadu Bello ya gina a 1809. Na tuɓe takalmi, na bi sahun jama'a, na yi addu'a na fito. A bakin ƙofa wata tsohuwa makauniya na zaune tana rera waƙar wa'azi, ba ganga ba tafi, sandarta kawai take ɗan dungurawa a ƙasa duk inda baiti ya faɗi. Muryar ta dishe amma karin bai goce ko sau ɗaya ba. Na fi minti goma a tsaye. Shi ne abin sauraro na farko da na samu a garin, ko da yake da na kira shi wasa a gabanta da na sha sanda.

A wurin na fara gane irin garin da na shigo. Malaman jihadi sun yi rubutu suna sukar kiɗan bori da kiɗan da ke cakuɗa maza da mata, suka bar irin gangar yaƙi da ta sanar da aure. Amma su ɗin ne kuma suka karantar da jama'a da waƙa, cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 kuma kabarinta ke nan cikin Hubbaren, da waƙa ta riƙa aika karatu ƙauyuka ta hannun jajis, wato matan da ke jagorantar ɗalibanta mata da ake kira 'Yan Taru. Saboda haka garin bai taɓa rabuwa da rerawa ba, bai kuma taɓa sakin jiki da ganga gaba ɗaya ba. Makaɗi yana da wurinsa, amma ya san iyakarsa, kuma ba ya tallar kansa da babban allo a bakin titi.

Ni dai ban daddara ba. Na hau kabu-kabu, wato acaba, zuwa wani ofishi da aka ce mini a nan ake sanin irin waɗannan abubuwa. Na tarar da mutum biyu da fankar da ba ta juyawa. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, har da ruwan leda, amma maganar jerin wasanni sai oga ya dawo, oga kuwa ya tafi ta'aziyya. Kalandar da ke bango ta bara ce. Ina fita ɗayansu ya biyo ni har bakin titi, ya rage murya.

"Malam, in wasa kaka nema da gaske, tahi wurin masu shayi na bakin kasuwa."

Kafin in shanye kofi ɗaya mai shayin ya ba ni wasa uku. Akwai dambe a bayan gari da marece. Akwai kokawa da ake shiryawa a wani ƙauye ta hanyar Wurno. Akwai wani attajiri da zai aurar da 'ya'ya huɗu rana ɗaya, an ce ya kira makaɗa daga Zamfara. Na zaro biro na ce, wace rana? Ya dube ni kamar na tambaye shi ranar da za a yi ruwan fari.

"Za a jiya."

Da ya ga na tsaya da biro a sama, tausayi ya kama shi. Ya ce in je wajen Runjin Sambo in tambayi wani tsoho mai kalangu, duk wasan maza da za a yi a ƙasar nan sai an biyo ta zaurensa.

Juma'a da hantsi na same shi. Unguwar ma daga runji ta samo suna, wato wurin yanka, kuma rundawa, mahauta ke nan, su ne iyayen gidan kalangu da dambe tun asali. Tsohon zai kai shekara saba'in. Yana zaune a kan buzu, ya sa kangon kalangu tsakanin ƙafafunsa, ga tantani a jiƙe cikin ƙwarya, ga tsarkiya a naɗe a babban yatsansa na ƙafa yana ja. Hunturu, in ji shi, shi ne abokin gabar makaɗi: iska ta busar da fata, kana tsakiyar taken wani sai ka ji fat, ta yage, ka ji kunya a gaban maza. Shi ya sa ba ya fita sai da kalangu biyu. Jikansa na gefe riƙe da wayar tsohon, don shi ke amsa kira, shi ke kunna masa saƙon murya.

Na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni, na kuma yi kuskuren nuna masa takardar. Bai ko karɓa ba.

"Ɗana, shekara ita ka kiran wasa, ba takarda ba. Da damana ba ka jin kowa sai gangan noma wurin gayya. In anka yi girbi hatsi ya shiga rumbu, kuɗɗi sun zo hannun talakka, sai aure, sai kokowa, sai dambe. Yanzu lokacinmu na. In azumi ya kama mu rataye kalangai, hilin na yara na, su yi tashe. Sallah kuwa ta sarakuna da rundawa ta."

A cikin numfashi ɗaya ya ba ni abin da na zo nema, sai dai bai shiga gidajen da na ja da jan biro ba. Na ce, to Baba, yaya mutum zai san ranar? Ya ce da can ranar kasuwa ake shela, mutum ya zo sayar da akuya ya koma gida da labarin inda za a kara. Daga baya aka koma sanarwa a gidan rediyon Rima. Yanzu kuwa, sai ya nuna jikansa da haɓa. Yaron ya buɗe mini WhatsApp, na ga saƙonnin murya sun fi ashirin tun safe, babu rubutu ko ɗaya. Wani daga Gwadabawa yana tambaya ko an tsayar da rana, wani daga Ƙonni ta Nijar yana cewa zai kawo yaransa uku in an ba su kuɗin mota. Rana ba ta tsayuwa sai an san wane ne zai zo, don ba wurin ake zuwa kallo ba, mutanen ake zuwa kallo. In kuma aka yi rasuwar wani babba, ko hanya ta yi zafi, a ɗage ba tare da an nemi afuwar kowa ba.

Da ya gama ɗaure fatar ya rataya ta a inuwa, sai ya jawo ɗayan kalangun ya saƙale a hammata. Ya buga wani ɗan gajeren abu, ya tsaya.

"Mi yac ce?"

Na ce ban ji ba. Ya sake bugawa a hankali, yana matse tsarkiya da damtse yana saki. In ya matse murya ta hau, in ya saki ta sauka. Na shekara goma sha tara ina koya wa yara karin sautin Hausa a kan allo, ina zana musu sama da ƙasa da faɗau, ga shi an faɗa mini magana da karin sauti zalla na kasa ɗauka. Jikan, wanda ko firamare bai gama ba, ya ce ai cewa ya yi baƙo ya zo da takarda. Tsohon ya yi dariya har da tari. Haka take yake, in ji shi: kowane ɗan dambe da nasa, kuma makaɗin kirki sai ya san na ubansa da na garinsu. In ka buga wa mutum taken da ba nasa ba ka zage shi.

Na tambaye shi manyan makaɗan da ƙasar ta yi suna da su. Nan take ya gyara mini, ya ce kada in haɗa su a kwando ɗaya. Kotso da taushi na fada ne, da hannu ake kaɗa su, kuma mai su yana da ubangida. Salihu Jankiɗi shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, daga wajen Maradun ya fito. Su kuwa masu kalangu makaɗan maza ne, babbansu Ɗan Anace, wanda ya sa har wanda bai taɓa shiga gidan dambe ba ya san sunan ɗan damben nan Shago. Da na ce ai wasu daga cikinsu yanzu 'yan Zamfara ne, ya yi tsaki. Shi a wajensa cire Kabi da aka yi a 1991 da Zamfara a 1996 aikin masu ofis ne. Kalangu bai san an raba jiha ba.

A nan zan ɗan ratse, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A finafinanmu da wasanninmu na gabas, in ana son a nuna baƙauye ko wawa sai a sa masa Sakkwatanci a baki. Ni kaina na sha barin ɗalibaina su yi haka, don da an ce "mi kac ce" aji ya fashe da dariya, an huta da neman abin dariya na gaskiya. Amma waƙoƙin fada da muke sa yaran nan su nazarta don jarrabawa, waɗanda muke cewa a cikinsu Hausa ta kai maƙura, da wane harshe aka yi yawancinsu? Da wannan dai da muke yi wa dariya. A zauren tsohon nan ni ne mai baƙon baki, ni jikansa ke ƙunshe dariya in na ce "fili".

Bayan La'asar jikan ya raka ni gidan damben. Fili ne aka kewaye da tsohon kwano, ƙofa ɗaya, mutum biyu na karɓar kuɗi suna dangwala wa mutane shuɗin tawada a bayan hannu. An ce mini ƙarfe huɗu, na isa huɗu saura, na zauna a benci ni da masu sayar da rake da gyaɗa har biyar ta gota. Sai da makaɗa suka shigo sannan wurin ya cika, kamar a bayan kwanon mutane suke laɓe.

Wanda bai taɓa gani ba yana zaton dambe duka ne kawai. Dukan shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Turmi uku ake yi, wani turmin ma ba ya kai minti biyu, amma kafin a kai ga shi an yi rabin awa ana abin da ni a sana'ata zan kira wasan kwaikwayo. 'Yan wasa na zaune ɓangare-ɓangare, Arewa da Kudu da Guramaɗa da Jamus, kowa ana naɗe masa hannu da ƙyalle ana bi da zare har ya koma kamar kan taɓarya. Tsohon da na bari da safe yana tari a zaure, yanzu ya miƙe tsaye cikin 'yan karɓinsa kamar an rage masa shekara ashirin. Ya saki wani take. Can ɓangaren hagu wani siririn saurayi da ke ta hamma ya daskare. Kafaɗarsa ta fara rawa, sannan gwiwa. Ya tashi ya tako tsakiyar fili, layu na kaɗawa a damtsensa, ya ɗaga naɗaɗɗen hannun sama ya fara kirari da wata murya da ba da ita ya shigo ba. Ban ji rabin abin da ya faɗa ba. Ya ambaci garinsu, ya ambaci wanda ya kashe bara, ya ce a tambayi uwar wane ko ɗanta ya ƙara cin tuwo da haƙoran gaba. Fili ya ɗauki sowa. Ya je gaban wani ƙato a ɗaya ɓangaren ya miƙa masa hannu, ƙaton ya kau da kai, aka yi masa ihu. Wani ya taso a madadinsa.

Suka tsuguna, kowa ya miƙa hannun da ba a naɗe ba yana auna ɗan'uwansa, naɗaɗɗen na can baya kamar kunama ta ɗaga ƙari. Kalangu ya koma ƙasa-ƙasa. Turmin farko ba kisa, na biyu ba kisa. A na uku ban ma ga hannun ba, ƙarar kawai na ji, sai ga abokin karawar zaune a ƙasa yana kallon sama kamar mai neman wata. A dambe da hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an kashe ka. Mutane suka ɓarke cikin fili, aka ɗaga siririn sama, masu kari suka yi layi, sanƙira na shelar wane ya ba da kaza, wane ya ba da kaza. Na lura kusan rabin abin da aka liƙa masa ya kwasa ya kai gaban mai kalangu ya zube.

Ana cikin haka aka kira Magariba a wani masallaci can nesa. Tsohon ya ɗora tafin hannu a kan fatar kalangu, kiɗa ya mutu a tsakiyar jimla. Babu wanda ya yi sanarwa. Waɗanda ke shirin shiga suka fara kwance zare, wanda aka kashe da wanda ya kashe shi na gan su suna karɓar buta ɗaya.

Asabar aka ɗaura aure. Daga ɓangaren mata ni dai amon ƙwarya kawai nake jiyowa ta kan katanga, sai da dare mai ɗakina ta ba ni labari: an kifa ƙore a kan ruwa cikin manyan robobi ana bugawa da 'yan sanduna, zabiya na bin dangi ɗaya bayan ɗaya da sunan kakanninsu, tsofaffi suka yi rawa har uwar ango ta yar da mayafi. Da yamma aka kawo mai kiɗan na'ura da lasifikoki huɗu, 'yan mata suka karɓe fili, tsofaffin suka koma ɗaki suna cewa kansu na ciwo.

Mu kuwa a waje, ana tsakiyar cin abinci a ƙarƙashin rumfa, sai ga wani ɗan kama ya shigo ba wanda ya gayyace shi. Rawani ya yi da tsohon zanen atamfa, ya rataya carbin da aka yi da ƙwallayen goruba. Ya nemi wuri kusa da malamai ya harɗe, ya buɗe wata takardar siminti kamar mai buɗe littafi, ya yi gyaran murya irin ta masu karatu.

"Babin wanda anka kira walima yaz zo da ƙoshi. Wanga ya yi asara, kuma ba a rama mashi."

Wani ya jefa masa tambaya: mutum na cin tuwo tsoka ta ɓace masa a cikin miya, ya ci gaba ko ya koma nema? Ya rufe ido, ya shafa gemu, ya ce malaman tuwo sun yi saɓani, amma maganar da ta fi ƙarfi ita ce ya koma, in ya ga hannun maƙwabcinsa ya nufi wajen kuma ya halatta ya riƙe shi. Na saci kallon limamin da ya ɗaura auren, don in ga yadda zai ɗauka. Ya cire tabarau yana share hawaye. Ɗan kaman ya san daidai inda zai tsaya: salon karatun yake ara, bai taɓa abin da ake karantawa ba ko da wasa. Wannan gwaninta ce da ba a koyar da ita a aji. Da ya tashi tafiya na ga abin da ya tara, 'yan canji ne da ledar shinkafa. Mai lasifikoki kuwa tun sati biyu aka biya shi kuɗin da zai sayi tunkiya. Na bi shi na tambaye shi inda zai yi wasa nan gaba. Ya ce duk inda na hango hayaƙin girki ya wuce na gida ɗaya, in je, zan ishe shi.

Wasan kwaikwayo irin nawa sai Lahadi na same shi, shi ma ba a dandamali ba. Ɗan ƙanen mai masaukina ya ja ni wata firamare da ke hutu, inda su goma sha biyu suke gwaji a cikin aji, sun tura bencina jikin bango. Mata uku ne a cikinsu, kuma sharaɗin iyayensu shi ne su kasance a gida kafin Magariba, don haka fitowarsu ake fara yi. Ba su da rubutaccen wasa. Shugabansu, wani mai gyaran waya, shi ke faɗin labarin, kowa ya nemo maganarsa da kansa. Labarin wani manomi ne da ya sayar da fadamarsa ta albasa don ya yi wa 'yarsa kayan ɗakin da za a yi magana a gari.

Yaron da ya fito a uban bai wuce shekara ashirin ba. Ya kankare alli ya shafa a haɓa da gira. Aka zo inda dillali ya ƙirga masa kuɗin gonar. Na zaci zai yi kuka ko dogon jawabi, irin yadda ɗalibaina za su yi. Sai ya karɓi kuɗin, ya tsaya, ya ce wa dillalin a bar shi ya cire shadufinsa, wato jigon ban ruwa, tukuna, don na ubansa ne, ba ya cikin ciniki. Ya sunkuya yana kwance igiyar da babu ita. Ajin ya yi tsit, har mai gadin makarantar da ke leƙe ta taga.

Da aka tashi na tambaye su yaushe za su nuna. Suka ce bayan ƙaramar Sallah in sun sami wuri. Zauren taro akwai a gari, amma kuɗin hayarsa da na man janareto sun fi ƙarfinsu, kuma mutumin da zai biya kuɗin ƙofa ya ga dambe ba lalle ya biya ya ga wasan kwaikwayo ba. Iyayensu na ba su labarin lokacin da ake taruwa gidan mai talabijin a kalli wasannin NTA Sakkwato, gari ya kwana yana maimaita maganganun ciki. Su yanzu yanka wasan suke gunduwa-gunduwa, minti biyu-biyu, su ɗauka da waya su sa a TikTok da Facebook. Abin da ke damun shugaban shi ne na barkwancin kawai ke tafiya. Fitowar shadufin sun sa ta, ba ta yi nisa ba. Wadda akuya ta shigo ta cinye takardar sadaki, wadda ma ba shirya ta aka yi ba, ita ce ta zagaya gari. Suna dai da rana ɗaya da ba ta motsi, 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya da aka fara a 2015. Sun ce ko a gindin bishiya ne za su yi wani abu ranar.

Daren nan na shimfiɗa takardata a kan tabarma na cika abin da ya samu. A gidan rana, layi ɗaya ne kawai ke da lamba, na 26 ga Agusta. Sauran ga yadda suke: tashe, daga daren goma ga azumi, kowace unguwa, kyauta sai abin da ka ba yara. Hawan Sallah, ƙofar fadar Sarkin Musulmi. Hawan ƙaho da 'yan tauri, a tambayi rundawa. Sharo, a tambayi masu nono. Kokawa, bayan an kwashe amfani, kafin azumi. A ƙasa na ƙara bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, yakan kuma faɗo wajen Fabrairu ko Maris, da kokawa da dambe da makaɗa a cikinsa. Shi ma na sa masa alamar tambaya, don ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. Gidan kuɗin shiga kusan fari fat ya tashi. A bayan takardar na rubuta lambar jikan mai kalangu, ita ce kaɗai na ja wa layi biyu.

Mai masaukina ya leƙo ya karanta, ya ce to yanzu wace rana zan faɗa wa shugaban makaranta? Na ce za a jiya. Ya ce alhamdu lillahi, na fara zama mutum.

Litinin da Asuba muka kama hanya, da ƙullin kilishi da buhun albasa rabi da aka tilasta mana. Mun wuce Shuni, mun wuce Dange, mota ta sake yin shirun nan nata. Muna dab da Tureta waya ta yi ƙara a aljihuna. Saƙon murya ne na daƙiƙa goma sha ɗaya. Na kara a kunne, na ji tari tukuna, sannan muryar tsohon.

"Malam mai takarda, an tsai da kokowan nan. Yau ta, bayan La'asar. In kana kusa ka taho."